Wane littafi ne zai koya mini taurari da duniyoyi daga sararin Garwa?

"Assalamu alaikum. Ni malamin kimiyya ne a wata kwaleji a Garwa, muna da 'yar ƙungiyar ɗalibai masu son sanin abin da ke sama. Na sayi littattafai biyu na Faransanci a wurin masu shimfiɗa tsofaffin littattafai a bakin titi. Ɗaya ya ce duniyoyin da ke kewaya rana tara ne, ɗalibaina suka ce takwas. Ɗayan yana da taswirar taurari, amma da muka fita da dare a watan Nuwamba, ko taurarin da ya ce a fara da su ba mu gani ba. Waɗanne littattafai zan nema, na labarin binciken duniyoyi da na koyon kallo? Kuma in fara tara kuɗin na'urar hangen nesa ne, ko littafi ya isa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Littafinka na farko tsufa ne ya kama shi, na biyun kuma baƙunta ce ke damunsa, domin an rubuta shi ne don mutumin da ke tsaye a Faransa yana kallon sama. In ka riƙe wannan, zaɓen littafi zai yi maka sauƙi. Littafin da ke ba da labarin kumbuna da duniyoyi, shekarar da aka buga shi za ka fara dubawa. Littafin da ke koya kallo da ido kuwa, abin tambaya shi ne sararin wace ƙasa aka zana a ciki. Mutane kan haɗa nau'o'in biyu su kira su littafin taurari, alhali ciwon kowanne daban ne.

Littafin labarin duniyoyi: duba shekara kafin ka duba hoto

Ɗalibanka ne da gaskiya. A watan Agusta na 2006 ƙungiyar masana taurari ta duniya ta yi taro a birnin Prag, ta fitar da Pluto daga jerin manyan duniyoyi, aka koma takwas. Saboda haka duk littafin da ya ce tara, ko dai an buga shi kafin wannan shekara, ko an kwafo shi daga wanda ya girme shi. Wannan shi ne gwaji mafi sauri a bakin titi: buɗe shafin Pluto. In ka ga ɗigon haske mai dishi-dishi ko zanen mai zane, littafin ya riga 14 ga Yulin 2015, ranar da kumbon New Horizons ya gifta ta kusa da ita ya aiko da hotunan duwatsun ƙanƙara da wani fili fari mai siffar zuciya.

Akwai wasu shafukan da ke tona shekarun littafi. Na Titan, babban watan Saturn: in babu hoton ƙasarsa, littafin bai kai Janairun 2005 ba, lokacin da na'urar Huygens ta sauka a kansa. Na Enceladus: kumbon Cassini, wanda ya kewaya Saturn daga 2004 zuwa 2017, shi ya gano ruwa na tsartuwa daga kudancin wannan ƙaramin wata. Na Mars, wadda malaman hisabi ke kira Mirrihu: littafin da ya tsaya a kan kumbunan Viking na 1976 bai san motar Curiosity da ta sauka a 2012 ba, balle Perseverance ta 2021 da ɗan jirginta mai saukar ungulu. Littattafan da suka kwana biyu kuma suna ba da labarin kamar tsere ne tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet kaɗai, alhali Indiya ta kai kumbo kewayen Mars a 2014, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta kai nata a 2021, Sin kuma ta saukar da mota a can a 2021 ɗin. Adadin watanni ya fi komai saurin lalacewa. Littafin shekarun 1990 zai ce Jupiter na da 16, Saturn na da 18. Yau na Jupiter sun haura 90, na Saturn kuma sun haura 270 tun bayan sanarwar Maris na 2025. Kada ka sa yara haddace wannan adadi, kafin su gama makaranta ya canza.

Duk da haka kada ka jefar da tsohon littafin. Girman duniyoyi, nisansu daga rana, tsawon shekararsu, dalilin da wata ke cika yana raguwa, yadda husufi ke faruwa, duk waɗannan ba su motsa ba. Zafin ƙasar Venus, wato Zuhura, yana nan kusan digiri 465, hasken rana yana nan yana ɗaukar minti takwas da 'yan daƙiƙoƙi kafin ya iso mu. Ni shawarata, ka ɗauki fensir ka bi littafin tare da ɗaliban, duk inda ilimi ya wuce shi ku rubuta gyara da shekarar a gefen shafi. Darasi ne da sabon littafi ba zai ba su ba.

Game da sunaye, kaɗan zan ambata. Cosmos na Carl Sagan ya fito a 1980, akwai shi da Faransanci, kuma har yanzu da wuya a sami wanda ya fi shi sa yaro son abin. Amma ka tuna an rubuta shi kafin kumbon Voyager 2 ya isa Uranus a 1986 da Neptune a 1989, don haka a karanta shi domin tunani da tarihi, sabbin alƙaluma a nemo su wani wuri. Ga ɗaliban ƙasashenmu masu karatu da Faransanci, na fi son a fara da Navigateur interplanétaire na Cheick Modibo Diarra, ɗan Mali da ya yi aiki a hukumar NASA, har da shirin Mars Pathfinder da ya sauka a 1997. Yaron da ya ga ɗan Sahel a cikin labarin yakan daina ɗaukar abin a matsayin na Turawa. Mai jin Turanci kuma ya nemi Chasing New Horizons na Alan Stern da David Grinspoon, na 2018. Irin wannan littafi, wanda waɗanda suka yi aikin da hannunsu suka rubuta, ya fi littafin hotuna masu sheƙi amfani, domin yana nuna rigimar kuɗi, kuskuren kwamfuta, da jiran saƙon da ke ɗaukar sa'o'i kafin ya iso. A cikin wannan aiki akwai hannun Afirka: a Agustan 2018 an kafa na'urori a Senegal don auna dutsen da kumbon New Horizons zai ziyarta bayan Pluto, ta hanyar kallon yadda ya rufe hasken wani tauraro.

Kafin ka kashe kuɗi, leƙa ɗakin karatu na Alliance da ke nan Garwa. Wanda ke Njamena ya gwada na Institut français ko na CEFOD. Kuma idan kana koyar da ramukan da duwatsun sama ke haƙawa, ba sai ka tsaya a hoton wata ba: a arewacin Chadi akwai ramin Aorounga mai faɗin kusan kilomita 12, akwai na Gweni-Fada a yankin Ennedi, kuma masana sun kwatanta dutsen Emi Kussi na Tibesti da wani dutsen aman wuta na Mars.

Dalilin da taswirar ta ƙi dacewa da samanku

Nan ne ainihin matsalar take, kuma ita ce ke sa mutane da yawa su ajiye littafin su ce abin ya fi ƙarfinsu. Garwa tana digiri 9 da ɗoriya arewa da layin da ya raba duniya biyu. Marwa tana kusan 10 da rabi, Njamena 12, Ngaundere 7. Faris kuwa tana kusan 49. Tsayin tauraron arewa daga gindin sama daidai yake da wannan adadi. A Faris ya wuce rabin hanya zuwa tsakar ka. A Garwa, in ka miƙe hannu ka dunƙule shi, dunƙulen ya kai digiri 10, ke nan tauraron arewa bai ma kai dunƙule ɗaya daga ƙasa ba. Bishiyar darbejiya ɗaya ko katangar maƙwabci ta isa ta ɓoye shi, ƙurar hunturu kuma takan shafe shi gaba ɗaya, tunda dama ba wani haske ne da shi ba.

Kusan duk littafin Faransa yana farawa da cewa a nemo taurari bakwai masu siffar ludayi, waɗanda suke kira Grande Ourse, wai ba sa faɗuwa duk shekara. A can gaskiya ne. A nan suna fitowa suna faɗuwa kamar sauran, kuma da daren Oktoba da Nuwamba bayan Isha'i suna ƙarƙashin ƙasa. Ban ga littafin da ke hannunka ba, amma tunda ka ce Nuwamba kuka fita, ina kyautata zaton abin da kuka yi ta nema ke nan. Ludayin yana bayyana da farkon dare daga wajen Fabrairu ko Maris zuwa Yuli. A kaka, abin da ke riƙe arewa shi ne taurari biyar na Cassiopée masu siffar harafin M ko W.

Gara ka bar arewa ka fara da abin da yara suka riga suka sani. Kaza da 'Ya'yanta, wato Surayya, tana fitowa gabas da farkon dare a Nuwamba. Ƙasa da ita akwai jan tauraro Dabaran, wanda littafin zai rubuta Aldébaran. Bayansu Orion ke tasowa, da taurarinsa uku a jere. A nan yana fitowa a kishingiɗe, ya bi ta kusan tsakar ka, saɓanin hoton littafin da ya nuna shi tsaye can kudu. Bi layin ukun nan zuwa kudu maso gabas, za ka faɗa kan Sirius, wanda ya fi kowane tauraro haske da dare, Shi'ira ke nan da aka ambata a Suratun Najmi. Wanda ya yi karatun allo ko yake jin Larabcin Chadi yana da riba a nan, domin sunaye da yawa a taswirar Larabci ne da bakin Bature ya lanƙwasa: Rigel daga rijl, ƙafa, Deneb daga zanab, wutsiya, Fomalhaut daga famul hut, bakin kifi. Mafi yawansu sun bi ta hannun masana irin su Abdurrahman as-Sufi, wanda ya rubuta littafinsa na siffofin taurari a wajen shekarar 964.

Ribar da muke da ita ta fi asarar yawa, kuma littafin ba zai gaya maka ba tunda marubucin bai taɓa ganin abin daga gidansa ba. Lissafin mai sauƙi ne. Kowane tauraro yana da adadin digirinsa kudu ko arewa da tsakiyar sama, taswira mai kyau tana rubuta shi a gefe. Ga tauraron kudu, cire digirin garinku daga 90, sannan ka cire digirin tauraron, abin da ya rage shi ne iyakar tsayin da zai kai. Suhailu, wanda suke kira Canopus, na biyu a haske bayan Sirius, yana digiri 53 kudu: 90 a cire 9 a cire 53, saura 28, kusan dunƙule uku sama da ƙasa a daren Janairu da Fabrairu. A Faris lissafin ya faɗi ƙasa da sifili, ba ya fitowa sam. Haka taurari huɗun nan masu siffar gicciye na kudu, suna kaiwa digiri 20 da ɗan kai a Garwa daga Afrilu zuwa Yuni. Haka dunƙulen taurarin Omega Centauri, wanda a jumel yake kama da curin auduga. Tsakiyar farin hazon nan da ya ratsa sama, wajen taurarin Kunama, yana hawa kusan digiri 50 a damina, alhali Bature yana leƙensa ne a gindin sama. Duniyoyin ma ta kusa da tsakar ka suke bi a wurinmu, inda iska ta fi sirara, hoto ya fi tsabta.

Saboda haka faifan taswira mai juyawa da aka yi wa digiri 45 ko 50 ba naka ba ne. Nemi wanda aka rubuta masa digiri 10, ko daga 0 zuwa 20. In bai samu ba, manhajar Stellarium kyauta ce a kwamfuta, kuma tana aiki ba tare da intanet ba in an riga an sauke ta. Saka mata Garwa, saita ƙarfe takwas na dare a tsakiyar kowane wata, ka buga shafi goma sha biyu. Wannan ya fi duk taswirar da za a kawo maka daga Turai. Littafin koyon kallo kuma sai ya zama na bayanin abin da za a gani da yadda za a lalubo shi. Turn Left at Orion na Guy Consolmagno da Dan Davis ya yi fice a nan, saboda zanensa yana nuna abin da ƙaramar na'ura ke nunawa da gaske, toka-toka kuma ƙarami, maimakon hotunan Hubble, babbar na'urar hangen nesa da ke sararin samaniya, da ke sa yaro ya leƙa ya ce an cuce shi.

Agogo da yanayi

Taswirar taurari ba ta ƙarewa, amma jadawalin inda duniyoyi suke yana ƙarewa da shekararsa. Shi ya sa ake buga irin su Le Guide du Ciel na Guillaume Cannat duk shekara. Tsohon bugu ba shi da amfani wajen neman Jupiter. In ka samu sabo, kula da agogo. Kamaru da Chadi suna gaban lokacin duniya, wanda littattafan ke rubutawa TU, da awa ɗaya, sai ka ƙara awa. In kuwa da agogon Faransa aka rubuta, daga ƙarshen Oktoba zuwa ƙarshen Maris daidai yake da namu, daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba sai ka rage awa ɗaya. Lokacin husufin wata ko na giftawar watannin Jupiter ɗaya ne ga kowa. Lokacin fitowa da faɗuwa da tsayi kuwa na garin marubucin ne, kada ka dogara da shi.

Abin da littafin ya kira saman hunturu ya dace da hunturunmu, na bazararsu shi ne lokacin zafinmu, na rani a wurinsu ya faɗo cikin daminarmu, na kakarsu kuma kakarmu. Matsalar ita ce littattafan Faransa suna zuga mutum ya fita a Agusta ya kalli zubar taurari ta 12 da 13 ga wata, lokacin da hadari ya rufe mu ruf. Tamu ita ce ta 13 da 14 ga Disamba, wadda ba ta buƙatar komai sai tabarma da bargo.

Mafi kyawun sama a yankinmu daga ɗaukewar ruwa ne zuwa saukar ƙura, wato Oktoba da Nuwamba. Sai kuma daren da ruwa ya wanke sama a damina, wanda in ya samu ya fi kowanne. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana kwaso ƙura daga kwarin Bodele na Chadi, abubuwa masu raunin haske su ɓace. A irin wannan dare kada ku ɓata lokaci kan gungun Andromeda, ku koma kan wata da Jupiter da Saturn, haskensu yana ratsa hazo. A Maris da Afrilu kuma zafin da ƙasa da rufin kwano suka sha da rana yana tashi da dare, hoton ya riƙa rawa kamar ana kallon abu ta saman garwashi. Maganinsa a kafa na'ura a kan ƙasa ko ciyawa, a guji hangen ta saman rufi, a jira dare ya raba.

Kwanan watan Musulunci ya fi kowane jadawali saukin amfani. Daga 4 zuwa 10 ga wata lokacin kallon wata ne, domin a kan iyakar haske da duhu inuwa ke fito da ramuka da tsaunuka. Daren sha huɗu ya fi kowanne muni, fari fat babu inuwa, ga shi ya kashe sauran taurari. Daga wajen 20 ga wata zuwa tsayuwar sabo, farkon dare duhu ne, lokacin abubuwa masu rauni ke nan. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, hasken waya na daƙiƙa ɗaya kuma ya rushe shi. Ɗaure jar leda ninki biyu a bakin tocila don karanta taswira.

Na'ura: jumel tukuna

Kada ka fara da babbar na'ura. Wata uku na ido da taswira, sannan abin hangen nesa mai ido biyu da ake kira jumel, mai lamba 10x50 ko 7x50. Lambar farko ninkin girma ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Da 10x50 za ku ga ramukan wata, taurari masu yawa a cikin Kaza da 'Ya'yanta, hazon takobin Orion, da watannin Jupiter huɗu in an jingina hannu a katanga ko an ɗaure jumel ɗin a sanda. Rawar hannu ce ke ɓoye su. Wajen saye, hangi eriya mai nisa da ido biyu: in ta rabu biyu ko kanka ya fara sarawa, gilasan ciki sun goce, bar shi. Riƙe shi nesa da fuska ka kalli ɗigon hasken da ke cikin gilashin ido, ya zama da'ira cikakkiya. Guji mai jan gilashi kamar yakutu da mai lambobin alfahari irin 20-180x100.

Aikin farko da zan ba ƙungiyar shi ne na Galileo a 1610. Kowane dare a lokaci ɗaya, kowane ɗalibi ya zana Jupiter da ɗigon da ke gefenta, na mako biyu. Cikin watanninta huɗu, Io yana kewayawa cikin ƙasa da kwana biyu, Europa kwana uku da rabi, Ganymede mako ɗaya, Callisto kusan kwana 17. Su da kansu za su fitar da wannan daga zanensu.

In kuɗi ya taru, faɗin baki ake saya, domin shi ke tara haske. Ninkin da ya wuce faɗin baki a milimita sau biyu hayaƙi ne kawai. Na'ura mai baki 60 iyakarta ninki 120, kwalin da ya ce 525 ƙarya yake yi. Ana samun ninki ne ta raba tsawon na'urar da lambar gilashin ido. Mai lamba 114/900, wato baki 114 da tsawo 900, da gilashin milimita 25 tana ba da 36, da na 10 tana ba da 90. Mai 150/1200 tana ba da 48 da 120. Zoben Saturn yana fara bayyana daga ninki 30, ya fito sosai a 90. Ya juya mana gefensa a Maris na 2025, zai riƙa buɗewa a hankali har wajen 2032, don haka kada ka yi mamaki in bai kai na hoton littafi faɗi ba. Mars kuwa sai ta matso, duk wata 26. Matsowa ta Fabrairun 2027 ba ta kusa sosai ba ce, ƙaramin jan ƙwallo za ku gani, wataƙila da farin tabo a ƙarshensa. Venus, wadda muke kira Zara da yamma, Gamzaki da asuba, ba ta nuna komai sai siffar jinjirin wata ko rabinsa, gajimare ya lulluɓe ta.

Ƙafar na'ura ta fi gilashin jawo nadama. Littattafan Turai suna yabon ƙafa mai nauyin ƙarfe da ake saitawa da tauraron arewa. A digiri 9 sandarta tana kwantawa har nauyin ya riƙa bugun ƙafafun, wasu ma ba sa sauka zuwa wannan adadi, ga tauraron da za a saita da shi yana cikin ƙura. Ɗauki mai juyawa sama da ƙasa, hagu da dama, musamman irin Dobson mai zama a kan akwatin katako, baki 130 zuwa 200. In madubin da bututun sun iso, kafinta mai hankali zai iya yin akwatin. Da rana ka daidaita ƙaramin madubin nema da hasumiyar masallaci mai nisan kamar kilomita ɗaya, in ba haka ba za ka kwana kana lalube. Fara koyaushe da ƙaramin ninki. A ninki 120 juyawar duniya tana fitar da abu daga gani cikin ƙasa da minti biyu, ke nan sai an tura bututun bayan kowane ɗalibi biyu. Hoton zai zo a kife, haka ƙirar take. Na'ura mai madubi da ta sha hanya a bayan babur kuma sai an sake daidaita madubanta, abin da littafin da za ka saya ya kamata ya koyar da hoto mataki-mataki. In bai yi ba, bai cika littafin koyo ba.

Ƙura, maƙwabta, da rana

Ƙurar hunturu yashi ce mai kaifi. Goge gilashi da bakin riga yana barin zane har abada. A hure ta da 'yar robar hura iska da masu gyaran agogo da waya ke amfani da ita, a rufe bututu baki da gindi, a ajiye shi cikin buhu. Madubi mai ɗan ƙura yana aiki lafiya lau, wanki sai ya yi muni, da ruwan batir mai tsabta wanda ba a zuba masa asid ba, da ɗigon sabulun ruwa, ba tare da dirza ba. A damina kuma danshi ke haifar da fumfuna a cikin gilashi, don haka kada a rufe jumel yana da raɓa. Littattafan ma a ɗaga su daga ƙasa saboda gara.

Wani abin da babu littafin Turai da zai faɗa: dogon bututu a kan ƙafa da tsakar dare yana kama da makami ga wanda bai san shi ba. Sanar da jauro ko mai unguwa da hukumar makaranta kafin ku fita, ku zauna cikin harabar makaranta, musamman a yankunan da tsaro ya yi tsanani wajen Marwa da Kusuri. Kore-koren hasken nan na leza kuma kada a ɗaga shi kusa da filin jirgi ko barikin soja.

Rana kuwa, kallo ɗaya ta jumel ko na'ura yana ƙone ido, ba tare da an ji zafi ba. Gilashin da aka turara da hayaƙi, fim ɗin hoton asibiti, tabarau baƙi, duk ba sa karewa. Ƙaramin baƙin gilashin da ake ɗaurawa a wurin ido, wanda ke zuwa a kwalin na'urori masu arha, zafi kan fasa shi, jefar da shi tun ranar farko. Ana amfani ne da tabarau na husufi mai lamba ISO 12312-2 don kallo da ido kaɗai, ko matatar hasken rana da ke rufe bakin na'ura gaba ɗaya, ko kuma a huda kwali a bar hoton rana ya faɗa kan farar takarda, a juya mata baya. Wannan ya shafe mu kai tsaye. A 30 ga Yunin 1973 jirgin Concorde ya bi inuwar husufi na minti 74 a saman Sahara ya sauka a Fort-Lamy, wato Njamenar yau. A 29 ga Maris na 2006 inuwar ta ratsa Najeriya da Nijar da arewacin Chadi. A 2 ga Agustan 2027 wani babba zai bi ta arewacin Afirka, mu za mu ga rabi-rabi in hadari ya bari. Na 20 ga Maris na 2034 kuwa cikakke ne, zai bi ta Najeriya da Kamaru da Chadi, a lokacin rani. Layin duhun siriri ne, don haka saka sunan garinku da wannan rana a Stellarium ka ga ko kuna cikinsa ko sai kun yi tafiya.